Wa Aka Tambaya? Manyan Gine-ginen Samaniya a Ƙagaggun Labaran Kimiyya

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba wani reshe na adabin Turawa wanda manazartanmu ba su cika waiwayarsa ba, watau ƙagaggun labaran kimiyya, musamman waɗanda aka gina a kan wani ƙasaitaccen aikin injiniya a sararin samaniya. Abin da ya raba irin wannan labari da tatsuniya shi ne alƙawarin da marubuci ya ke ɗaukar wa mai karatu. Idan Gizo ya hau sama a kan zarensa, babu mai tambayar kaurin zaren ko nauyin da zai iya ɗauka. Amma marubucin labarin kimiyya ya ɗaure kansa da cewa duk abin da ya faɗa mai yiwuwa ne bisa ga ilmin zamaninsa, ko kuwa bisa ga abin da a ke zaton ilmin zai kai gare shi nan gaba. Mu ma a Hausa ba mu rasa ɗanɗanon wannan fanni ba, domin littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya ya fito a Zariya a 1969, shekarar da ɗan'adam ya fara taka wata.

Wani zai ce ai labari ne kurum, me ya haɗa shi da batun halal da haram na aikin ƙere-ƙere? Amsar tana cikin tarihin roka kansa. Konstantin Tsiolkovsky na Rasha, wanda ya fitar da lissafin tafiyar roka a 1903, ya faɗa da bakinsa cewa littattafan Jules Verne ne suka fara cusa masa wannan tunani. Robert Goddard na Amurka, wanda ya harba roka na farko mai aiki da mai na ruwa a 1926, labarin H. G. Wells ne ya ja hankalinsa tun yana saurayi. Hermann Oberth ya karanta Verne yana yaro, shi kuwa Wernher von Braun almajirin Oberth ne. Von Braun ɗin nan shi ya jagoranci ƙera rokan Saturn V da ya kai Amurkawa wata. Kafin nan kuma shi ya jagoranci ƙera rokan yaƙi na V-2 a Jamus ta Hitila, wanda fursunoni suka riƙa harhaɗawa a cikin ramukan dutse na sansanin Mittelbau-Dora. Kimanin fursunoni 20,000 ne suka mutu a wannan sansani da rassansa, alhali kuwa waɗanda rokan ya kashe a biranen da aka harba shi kimanin 9,000 ne. Ke nan mafarkin zuwa wata ya bi ta kan gawawwakin mutanen da ba su taɓa yin wannan mafarki ba.

Saboda haka tambayar da za mu bi da ita cikin littattafan da muka zaɓa guda ɗaya ce. Ba za mu tsaya kan ko na'urar da marubuci ya ƙaga za ta yi aiki ba, ko da ya ke dole mu bayyana yadda ta ke aiki domin a fahimci rigimar. Abin da mu ke nema shi ne matsayin mutanen da aka yi aikin a kan ƙasarsu, ko da guminsu, ko da rayuwar 'ya'yansu: shin an nemi yardarsu, in kuwa sun ƙi, yaya marubucin ya yi da ƙin nasu?

2. Igwar Verne

A 1865 Jules Verne na Faransa ya wallafa De la Terre à la Lune, watau Daga Ƙasa Zuwa Wata. Taurarin labarin 'yan wata ƙungiya ce ta maƙeran igwa a birnin Baltimore, waɗanda yaƙin basasar Amurka ya ƙare ya bar su ba aikin yi. Shugabansu Barbicane ya kawo shawarar a zuba wata igwa mai tsawon ƙafa 900 a cikin ƙasa a jihar Fulorida, a harba harsashi zuwa wata. Mutane sun fi tuna wannan littafi saboda dacen da ya yi: mutum uku a cikin harsashin, kuma daga Fulorida, daidai da yadda Apollo 11 ya tashi bayan shekara 104. Abin da a ke mantawa shi ne ba'ar da Verne ya ke yi wa taurarin nasa, mutanen da yawancinsu igwa ta riga ta raba su da hannu ko ƙafa, amma zaman lafiya ya fi musu ciwo.

Littafin da ya fi dacewa da batunmu shi ne wanda ya biyo baya a 1889, Sans dessus dessous, wanda za mu iya fassara sunansa da Sama a Ƙasa. Waɗannan mutane dai su ne suka dawo. A wannan karo sun sayi yankin ƙuryar arewacin duniya a wajen gwanjo, inda suka kayar da wakilan Ingila da Rasha da Holan da Danmak da Suwidin. Kowa yana mamakin abin da za su yi da ƙasar da ƙanƙara ta binne. Ashe sun yi imani akwai kwal a ƙarƙashinta, kuma sun ƙudura miƙar da duniya. Kamar yadda aka sani, duniya tana juyawa ne kamar mazari, amma mazarin a karkace ya ke da wajen digiri 23 da rabi, wannan karkata kuwa ita ke kawo sauyin yanayi na shekara. Dabararsu ita ce su harba wani gawurtaccen harsashi, ƙarfin naushin igwar da baya ya gyara wa duniya zama, ƙanƙara ta narke, kwal ya fito fili. Da masana suka yi lissafi sai suka ga teku za ta tashi daga mazauninta, ta shanye wasu ƙasashe da mutanensu, wasu kuma su koma tudun da iska ba za ta ishi numfashi ba. Duniya ta ruɗe, aka shiga neman inda igwar ta ke. Can aka haƙa ta a cikin dutsen Kilimanjaro, da ƙwadagon dubban 'yan ƙasa waɗanda sarkinsu ya bayar bayan an biya shi.

Ya kamata mu lura da shekarar. An kammala taron Balin, inda Turawa suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a zauren ba, a 1885, shekara huɗu kafin fitowar littafin. Gwanjon ƙasar da ba ta mai saye ba ce, ba kuma ta mai sayarwa ba, ba baƙon abu ba ne ga masu karatun Verne.

To, yaya aka ƙare? An harba igwar, duniya ba ta ko motsa ba. Dalili kuwa shi ne, ranar da malamin lissafin ƙungiyar, J. T. Maston, ya ke rubuta tsawon kewayen duniya a allo, sai aka buga masa waya ana tsakiyar hadari, tsawa ta biyo wayar ta maka shi da ƙasa, sifiri uku suka goge. Mita 40,000,000 ta koma 40,000, duk sauran lissafin ya hau kan wannan kuskure. Mai karatu zai yi dariya, amma in ya natsu zai ga cewa ba kotu ce ta ceci duniya ba, ba gwamnati ba, ba kuma nadamar masu aikin ba. Verne ya gina tambaya mai nauyi, watau me za a yi da 'yan tsirarun mutane masu kuɗi da ilmi in sun ƙudura aikin da zai shafi kowa, sa'an nan ya bar tsawa ta amsa masa. A ganinmu wannan zamewa ce, ko da ya ke zamewar gwani ce, domin ba'ar da ke cikinta tana nuna ya san babu wata hukuma a zamaninsa da za ta iya tsayar da su.

3. Tsanin samaniya da dutsen ibada

Kafin mu shiga littafi na gaba sai mun yi bayanin abin da mu ke kira tsanin samaniya. Matsalar roka ita ce yawancin nauyinsa mai ne, kuma man da zai ƙona can sama ma sai ya ɗauko shi tun daga ƙasa. Saturn V yana da nauyin tan wajen 2,900 a lokacin tashi, amma abin da ya ke iya turawa zuwa wata bai wuce tan 45 da 'yan kai ba. Wannan asara ce ta sa masana neman wata hanya.

Akwai wata da'ira a sama, nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, daidai saitin Ikwaita, watau layin da ya raba duniya arewa da kudu. Duk tauraron ɗan'adam da aka ajiye a wannan da'ira yana kewaya duniya ne daidai da saurin juyawarta, saboda haka mai kallo daga ƙasa zai gan shi a tsaye cik. Shi ya sa farantan talabijin da ke kan rufin gidaje a Kano ko Maraɗi a ke ɗaure su suna kallon wuri guda, ba a juya su. To, tun da tauraron ba ya gusawa daga saitinsa, me zai hana a zuro igiya daga gare shi har ƙasa, kamar mai zura guga a rijiya, a kuma miƙa wata igiyar sama da wani nauyi a ƙarshenta domin ta riƙe ta farkon? In an yi haka, sai kekunan lantarki su riƙa hawa da sauka a kan igiyar, ba wuta ba hayaƙi. Tsiolkovsky ya yi tunanin hasumiya mai wannan tsawo a 1895 bayan da hasumiyar Eiffel ta burge shi, amma dabarar zuro igiya daga sama ta wani injiniya ce na birnin Leningirad, Yuri Artsutanov, wanda ya buga ta a jarida a 1960. Jerome Pearson na Amurka ya sake gano ta da kansa a 1975. Cikas ɗin shi ne abin da za a tufka igiyar da shi. Wayar ƙarfe in aka rataye ta, nauyin kanta zai tsinka ta tun ba ta kai kilomita 100 ba. An sa rai ga wasu siraran zaruruwa na kabon waɗanda Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, amma zaren da aka yi ta yayatawa saboda tsawonsa, wanda aka samar a Jami'ar Tsinghua ta Sin a 2013, da kaɗan ya haura rabin mita. Duk da haka kamfanin gine-gine na Obayashi a Japan ya ba da sanarwa a 2012 cewa yana fatan gina tsanin kafin 2050.

Arthur C. Clarke, Baturen Ingila wanda ya zauna a Siri Lanka daga 1956 har rasuwarsa a 2008, shi ne ya bayyana amfanin waccan da'ira ga sadarwa a wata maƙala a 1945. A 1979 ya fitar da The Fountains of Paradise, watau Maɓuɓɓugan Aljanna. Tauraron labarin injiniya ne, Vannevar Morgan, wanda ya riga ya gina gadar da ta haɗa Turai da Afirka a mashigin Jibraltar, yanzu kuma yana son ya gina tsanin samaniya. Lissafinsa ya nuna masa wuri ɗaya tak a duniya da ya dace a kafa gindin tsanin: ƙololuwar wani dutse a tsibirin Taprobane. A kan wannan ƙololuwa kuwa akwai gidan ibada na sufayen addinin Buddha, waɗanda suka shafe ɗaruruwan shekaru a wurin.

Taprobane Siri Lanka ce aka sake wa suna. Clarke da kansa ya faɗi cewa ya jawo tsibirin kudu da kilomita 800 domin ya hau kan Ikwaita, ya kuma ninka tsawon dutsen. Dutsen na ainihi shi ne wanda 'yan ƙasar ke kira Sri Pada, mai tsawon mita 2,243, inda akwai wata alama mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buddha suna cewa sawun Buddha ne, Musulmi kuma tun da daɗewa suna danganta shi ga Annabi Adamu. Ibn Baɗɗuɗa ya hau wannan dutse a 1344, shekara tara kafin ya iso Takadda ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Ke nan Clarke bai ƙagi tsarkin wurin ba. Ya ɗauko wurin da al'ummai dabam-dabam su ke girmamawa ya sa shi a kan hanyar injiniya da gangan.

A rabin farko na littafin ya yi adalci matuƙa. Ya jera labarin Morgan da na wani sarki na dā, Kalidasa, wanda ya kashe mahaifinsa ya gina fada da lambuna a kan dutse yana neman ya kafa aljanna a ƙasa. An ɗauko wannan sarki ne daga Kashyapa na tarihi, wanda ya gina Sigiriya a ƙarni na 5. Mai karatu Bahaushe, wanda ya tashi da ƙissar Lamarudu da ta benen da Fir'auna ya umarci Hamana ya gina masa, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da wannan jerawa ke nufi. Morgan ya hau dutsen ya gana da shugaban sufayen, aka karɓe shi da mutunci, aka ce masa a'a. Magana ta je kotun duniya, kotu ta ba sufaye gaskiya. A nan littafin ya kai mararraba ta gaske, domin ga aikin da zai amfani dukan bil'adama, ga kuma haƙƙin 'yan tsiraru wanda shari'a ta tabbatar.

Ga yadda Clarke ya warware. Akwai wani tsohon zance a tsibirin cewa ranar da wasu malam-buɗe-littafi masu ruwan zinariya suka kai ƙololuwar dutsen, sufaye za su bar shi. Waɗannan ƙwari kullum sukan mutu a hanya saboda tsawon dutsen. Ranar da Morgan ya ke gwajin zuro zarensa daga sama, wani masani mai goyon bayan sufaye ya yi amfani da na'urorin sarrafa yanayi ya tayar da guguwa domin ya ɓata gwajin. Guguwar nan ita ta kwashi ƙwarin ta kai su ƙololuwa. Sufaye suka tattara nasu ya nasu suka sauka da ƙafarsu. Faɗuwa ta zo daidai da zama: Morgan ya sami dutse hannunsa ba ƙura, kuma mai adawa da shi ne ma ya jawo. Daga nan littafin ya koma labarin gini da na jarumtakar Morgan, wanda ya hau tsanin shi kaɗai domin ya kai ɗauki ga mutanen da suka maƙale, ciwon zuciya ya kashe shi a hanyar saukowa. Sufayen sun kusa ɓacewa daga labarin baki ɗaya.

Muna ganin wannan ita ce babbar tawayar littafin, duk da kyaututtukan Hugo da Nebula da ya ci. Marubucin da ya auna kaurin zare da saurin iska bai yarda ya auna abin da zai faru ba in masu dutse suka tsaya kan bakansu. A duniyar zahiri kuwa malam-buɗe-littafi ba ya zuwa. A tsibirin Hawayi an shirya gina wani madubin hangen taurari mai faɗin mita 30 a kan dutsen Mauna Kea, wanda 'yan asalin tsibirin su ke ɗauka da tsarki. Sun tare hanya a 2015, kotun ƙolin jihar ta soke takardar izni a wannan shekara, ta kuma amince da wata sabuwa a 2018. Da aka yunƙura za a fara aiki a Yulin 2019 sai suka sake tare hanya, aka kama dattawansu fiye da 30, aikin ya tsaya. A can ba su sauka ba. A Burazil kuwa an sauke su. Alcântara tana kimanin digiri 2 kudu da Ikwaita, inda juyawar duniya ta fi sauri, wajen kilomita 1,670 a sa'a, abin da ke rage wa roka shan mai. Domin gina tashar harba roka, sojojin ƙasar suka tashi iyalai 312 daga 1986, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, aka raba su da bakin teku inda su ke kamun kifi aka kai su wasu ƙauyuka na cikin tudu. Sai a 2023 gwamnatin Burazil ta nemi gafararsu a gaban kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta nahiyar Amurka, aka kuma bayyana hukuncin da ya same ta da laifi a 2025, bayan kusan shekara 40.

Akwai dalilin da ya sa wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Tsanin samaniya, in har aka taɓa gina shi, a kan Ikwaita ko kusa da ita za a kafa gindinsa, a ƙasa ko a teku, Ikwaita kuwa ta ratsa Gabon da Kwango biyu da Yuganda da Kenya da Somaliya. Ƙasashen da ke da kuɗin ginin ba su ne ke da ƙasar ba. An taɓa yin wannan gardama a kan da'irar kanta. A Disambar 1976 ƙasashe takwas na Ikwaita, huɗu daga cikinsu na Afirka, watau Kwango da Zayar da Yuganda da Kenya, suka hallara a Bogota suka ce yankin da'irar da ke saman kowace ƙasa arzikinta ne. Kukansu shi ne guraben da'irar ƙididdigaggu ne, kuma waɗanda suka riga kowa hawa suna cinye su. Manyan ƙasashe suka ƙi, suna kafa hujja da yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 wadda ta hana kowace ƙasa mallakar wani yanki na samaniya. Maganar Bogota ba ta yi tasiri a shari'a ba, kuma mu ma mun amfana da faɗuwarta, tun da tauraron Nijeriya NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a Disambar 2011, an tsayar da shi ne a digiri 42.5 gabas, watau saitin kudancin Somaliya. Wannan sanarwa ta riga littafin Clarke da shekara uku.

4. Jan dutse da koren ganye

Marubucin da ya ƙi zamewa shi ne Kim Stanley Robinson na Amurka, a littattafansa uku a kan duniyar Mas, wadda malamanmu na hisabi ke kira Mirrihu: Red Mars a 1992, Green Mars a 1993, da Blue Mars a 1996. Sunayen suna bin launin duniyar ne yayin da ta ke sauyawa daga ja zuwa kore zuwa shuɗi, domin aikin da a ke yi shi ne a ɗumama ta, a narkar da ƙanƙararta, a kauraro iskarta har mutum ya iya yawo a fili. Daga cikin mutum 100 na farko da suka sauka, biyu ne suka riƙe bakin zaren gardamar. Sax Russell masanin kimiyyar lissafi ne, yana ganin duniyar da ba rai a cikinta ba ta da wanda zai san kyawunta, don haka kai mata rai alheri ne. Ann Clayborne masaniyar duwatsu ce, tana ganin waɗannan duwatsu littafi ne na shekaru dubban miliyoyi wanda ba a ko fara karantawa ba, kuma za a wanke shi da ruwa tun ba a tabbatar ko akwai wata ƙwayar halitta a ƙarƙashinsa ba.

A nan tambayarmu ta ɗauki wata siffa, domin babu sufaye, babu masunta. Wa za a tambaya a ƙasar da ba kowa? Robinson ya nuna cewa ko a nan akwai wanda a ke tsallakewa. Tun ana cikin muhawara, wasu daga cikin masanan suka ɓoye gansakuka da aka sarrafa a cikin 'yan ƙananan injunan ɗumama iska da a ke warwatsawa a faɗin duniyar. Abokan aikinsu da ke jefa injunan daga jirgi ba su ma san abin da su ke shukawa ba. Wanda ya shuka ya riga ya yanke hukunci, tun da ba a kwashe iri bayan an watsa. Wannan ba ya nesa da abin da ya faru a Afrilun 2019, lokacin da kumbon Isra'ila mai suna Beresheet ya faɗi a kan wata, daga baya aka ji cewa wata gidauniya mai zaman kanta ta Amurka ta sa wasu ƙananan halittu masu jure wuya a cikin kayan da ta aika, ba tare da ta sanar da masu kumbon ba.

Shi ma tsanin samaniya ya fito a wannan labari, an kafa shi a kan dutsen Pavonis, kuma dutsen samaniyar da ke riƙe da ƙarshen igiyar an raɗa masa suna Clarke. Amma Robinson ya yi tambayar da Clarke bai yi ba, watau wa ke riƙe da ƙofa. Manyan kamfanonin duniya suka mallake tsanin, suna sauko da leburori dubbai a kan yarjejeniyar da ba su iya fita daga cikinta, suna hawar da ma'adinai. Da tawaye ya ɓarke a shekarar 2061 ta labarin, 'yan tawaye suka raba igiyar da abin da ke riƙe da ita. Igiya mai tsawon kilomita wajen 37,000 ta faɗo tana naɗe duniyar kusan sau biyu, tana ƙara gudu da zafi, tana hallaka duk wanda ke kan hanyarta, har da waɗanda aka yi tawayen dominsu. Marubucin bai wanke kowa ba. Dabararsa ita ce kowane kashi na littafin a bakin mutum dabam ya ke, sai mai karatu ya gama gamsuwa da Sax, sa'an nan a sa shi ya kalli ambaliya ta idon Ann. Ba tsawa, ba ƙwaro. Mutanen biyu sun shafe fiye da ƙarni suna wannan jayayya, domin a labarin an samo maganin tsawaita rai, kuma Sax bai fara fahimtar abin da Ann ke gani ba sai bayan da aka azabtar da shi ya rasa magana, ya koma koyon sunayen abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta fuskar kimiyya kuwa, binciken da Bruce Jakosky da Christopher Edwards suka buga a 2018 ya nuna iskar kabon da ta rage a Mas ba za ta isa a ɗumama ta da fasahar da ke hannu ba. Wannan bai rage wa littafin daraja ba, domin gardamar Sax da Ann ita ce a ke yi duk inda za a datse kogi ko a tashi gari saboda ma'adini.

Robinson ya koma kan batun ta wata ƙofa a 2015 cikin littafinsa Aurora. Jirgi ne ɗauke da mutum wajen 2,000 ya nufi tauraron Tau Ceti, tafiyar da haske kansa ke yi a shekara 12, su kuwa ta ci musu fiye da shekara 160. Waɗanda suka shiga jirgin da son ransu sun mutu tun da daɗewa. Waɗanda suka isa jikokin jikokinsu ne, an haife su a cikin ɗaki rufaffe, an ƙayyade musu yawan haihuwa da wurin zama, ƙasar nomansu tana ta lalacewa, sa'an nan suka tarar duniyar da aka yi musu alƙawari tana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai kisa. Su ne mutanen da babu yadda za a yi a tambaye su, domin ba a haife su ba lokacin da aka yanke shawara. Wani kashi daga cikinsu ya juyo da jirgin gida. Da suka iso, aka gayyace su wani taro na masana inda a ke shirin aika wasu jiragen, wani mai jawabi ya tashi yana kwatanta jiragen da irin tsiro da iska ke watsawa, wai ko ɗaya cikin ɗimbinsu ya tsira an ci riba. Freya, matar da ta jagoranci dawowar, ta taso daga kujerarta ta kai masa naushi.